Haƙori uku aka cire wa Hajiya, ciwon yana nan

Nura Gyallesu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da dogon rubutu da daddare, abin ne ya sha mini kai. Hajiyarmu ce, shekarunta 63. Tun bayan babbar salla take fama da wani ciwo a kuncinta na dama, daga gefen hanci zuwa leɓen sama har cikin dasashi. Ba ciwo ne mai zama ba. Farat ɗaya yake zuwa kamar an jona mata wayar lantarki, ta sandare, hawaye na zuba, kafin ka ƙirga ashirin ya sake ta, can kuma ya dawo. Jiya ƙanwata ta lissafa, daga asuba zuwa la'asar sau goma sha huɗu.

Mun ɗauka haƙori ne. An cire ɗaya a wani asibitin kuɗi, ya lafa kwana huɗu ya dawo. Aka cire na kusa da shi. Na ukun ma ita ta saci jiki ta je wajen wani mai cire haƙori a kasuwa, sai dawowa ta yi da auduga a baki. Yanzu na huɗu take hari, abin da ya tsayar da ita kawai shi ne haƙorin Makka ne. Ta daina tauna, kunu take sha da cokali ta gefen hagu. Goron da ba ta rabuwa da shi yana nan cikin ganye ya bushe. Tun da hunturun nan ya shigo ko tsakar gida ba ta fita sai ta naɗe fuska da mayafi, wai iska na taɓa wurin sai ya tashi. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimaka.

Maman Ihsan: Wa alaikumus salam. Subhanallahi, Allah ya ba Hajiya lafiya. An gwada kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi?

Nura Gyallesu: Amin Anti. An yi. Ruwan ma na taɓa bakin yake tashi.

Baba Tanko: Nura, ka ji abin da ka faɗa da bakinka kuwa? Ciwo ya zo ya tafi ba kumburi ba zazzaɓi, gefe guda kawai, kuma iska ke tayar da shi. Wannan ba na asibiti ba ne. Mu da muka taso cikin ganuwa mun san marin aljani. Ku nemi mai ruƙiyya ku bar ɓarnar kuɗi.

Auwalu Bakano: Baba Tanko, ranka ya daɗe, ku Zage-zagi komai aljani. Ashe har aljanunku sun san dama da hagu.

Baba Tanko: Kai Bakano, jeka ka ci gaba da awon atamfa, manya na magana.

Sani Kemis: Ka zo shago gobe in haɗa mata diklofenak da tiramol, zai kwanta.

Nura Gyallesu: Malam Sani, ai ta sha su. Farasitamol kam kamar gyaɗa. Tiramol sai dai ya sa ta barci da jiri, tana farkawa ta yi hamma ya sake fizgarta.

Hajiya Rabi Tudun Jukun: Nura ɗana, ina karanta rubutunka gabana ya faɗi, don labarina ka ba da. Ina koyarwa a firamare abin ya same ni, shekara tara ke nan. Nawa a muƙamuƙin ƙasa ne, shi ma dama. Akwai wani ɗan wuri ƙasan leɓena, bai kai faɗin ƙwayar wake ba, ko gefen gyale ya goge shi sai in ji kamar an soka mini allura mai wuta har kunne. Ina cikin koyar da lissafi zan tsaya cak da alli a hannu, yara su zuba mini ido. Na daina asuwaki a gefen nan wata da watanni, har kunyar yin magana kusa da mutane nake ji. Ni biyu aka cire mini. Na biyun likitan ya juya shi a faranti ya ce, Malama, wannan haƙorin fa lafiyarsa ƙalau. Ranar na yi kuka, ba don zafi ba.

Kada ku bari a taɓa na huɗun nan. Jijiya ce. Bari in kira Bilkisu ta shigo, ta fi ni sanin bayaninsa.

Dakta Bilkisu: Salamu alaikum. Mama Rabi, na gani. Yaya Nura, sannu da jinya. Ba zan yanke hukunci a kan wadda ban duba ba, amma yadda ka siffanta abin ya yi kama ƙwarai da ciwon jijiyar fuska.

Akwai jijiyoyi goma sha biyu a kowane gefe da suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta biyar ita ce mafi kauri, ita ke ɗaukar duk abin da fuska ke ji, taɓawa da zafi da sanyi, ta kai wa ƙwaƙwalwa. Rassa uku gare ta, shi ya sa a likitance ake ce mata tirajaminal. Reshen sama na goshi ne da ido. Na tsakiya na kunci da gefen hanci da leɓen sama da haƙoran sama. Na ƙasa na haɓa da haƙoran ƙasa da gaban harshe, shi ne kuma ke motsa naman tauna. Hajiya reshen tsakiya ka kwatanta, Mama Rabi na ƙasa.

To ga inda gizo ke saƙar. Haƙori ba shi da wata hanyar kai ƙara ga ƙwaƙwalwa sai ta wannan jijiyar. Idan jijiyar ce da kanta ta lalace can ciki, ƙwaƙwalwa ba ta da yadda za ta bambance, sai ta ɗauka daga haƙori saƙon ya zo. Mai ciwo zai nuna maka haƙori da yatsa ya rantse shi ne, kuma ba ƙarya yake yi ba, nan yake ji.

A yawancin masu shi, wata jijiyar jini ce ke kwanciya a kan tushen jijiyar, daf da inda ta fito daga ƙwaƙwalwa. Kowane bugun zuciya tana gogarta, shekara da shekaru, har rigar da ke lulluɓe da jijiyar ta saɓule, kamar wayar wuta da robarta ta cinye. Daga nan saƙon taɓawa mai sauƙi sai ya tsallaka layin zafi. Shi ya sa iska ko gefen gyale ke tayar da shi. Ya fi kama waɗanda suka haura hamsin, mata sun fi maza, kuma ya fi zuwa a dama.

Baba Tanko: 'Yata, ban raina karatunki ba. Amma ɗan ƙanena ya kwanta lafiya ya tashi baki a karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa. Tofi da hayaƙi aka yi masa, wata biyu ya miƙe. Wace allura aka yi masa?

Dakta Bilkisu: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan wata jijiyar ce daban, ta bakwai, mai motsa fuska. A fatar fuska ta biyar ji take yi, ta bakwai motsi. Idan ta bakwai ta kumbura baki ya karkace, mafi yawan mutane suna warkewa cikin makonni ko 'yan watanni ko da ba a yi komai ba, duk da an fi so a zo da wuri a ba da magani a kare idon, a kuma tabbatar ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Shi ma ciwon Hajiya yana da wannan halin na ruɗa mutane. Yakan ɗauke da kansa wata uku, wata shida, har shekara, sannan ya dawo. Duk abin da aka yi ana gab da ɗaukewar, ko ƙaho ne ko cire haƙori, shi ke kwashe yabon. Ban ce a bar addu'a ba, ni ma ita nake yi kafin in shiga ɗakin duba marasa lafiya.

Dakta Yusuf (haƙori): Tun ɗazu nake karantawa, na ga an fara kallon mu masu haƙori a kaikaice. Bari in kare kaina kaɗan. Mutum ne zai shigo yana riƙe da kunci, ya kwana uku bai ci ba, ya ce ga haƙorin, cire mini. Ka ɗauki hoto ka ce ba ka ga komai ba, sai ya ce ba ka iya aiki ba, ya fita ya tafi inda za a cire ba tambaya. Sau nawa aka zage ni a kan na ƙi.

Amma na yarda, na farko ana iya yi wa uzuri, na biyu akwai ganganci. Ciwon haƙori na gaske yana da kamanninsa: yana zugi ya daɗe, ruwan sanyi ko shayi mai zafi na tayar da shi ya ƙi sauka da wuri, yana hana barci, in ka ƙwanƙwasa haƙorin mutum ya zabura, sau da yawa ga kogo ko kumburi. Wancan kuwa daƙiƙu ne zuwa minti biyu, tsakanin zuwa da zuwa mutum garau, kuma da wuya ya tayar da mai barci. Nura, yana tashinta da dare?

Nura Gyallesu: A'a Likita. In ta samu ta yi barci shi ke nan sai asuba. Wurin alwala ne yaƙin ke farawa.

Dakta Yusuf (haƙori): To ka gani. Wani abin kuma, cire haƙori da ƙarfi, musamman na can ƙarshe a ƙasa, yana iya raunata reshen jijiyar da ke ratsa cikin ƙashin muƙamuƙi, mutum ya tashi leɓe da haɓa sun mutu ba ya jin su. Garin neman gira a rasa ido. Masu filaya a kasuwa ba su san da zamanta ba ma.

Nura Gyallesu: Maganar alwalar nan ita ta fi damunta wallahi. Na tsaya na gani da idona shekaranjiya. Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne da buta, ta wanke hannu, ta ɗebo ruwa a tafi, sai ta tsaya tana kallonsa har ya tsiyaye ta tsakanin yatsu. Sau uku tana ɗebowa. Da ta daure ta kai fuska, butar ma sai da ta kife. Tana cewa wai ko wani laifi ta yi wa Allah da zai hana ta tsarki.

Malam Sabo: Inna lillahi. Nura, ka gaya wa Hajiya addini bai matsa mata haka ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kurkurar baki da shaƙa ruwa sunna ne, ba farilla ba, in suna cutar da ita ta bar su alwalarta ta yi. Wanke fuska sau ɗaya shi ne farilla, na biyu da na uku ƙari ne. A ɗumama mata ruwan. In duk da haka ruwa na tayar da ciwon, aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta ambaci mara lafiya a cikin waɗanda aka yi wa sauƙin taimama. Ita ma akwai shafar fuska, amma shafa ɗaya ce mai sauƙi. Kuma Alhaji Tanko, Allah ya gafarta, ruƙiyya ba ta kore asibiti ba. A yi mata a gida, a kuma kai ta.

Baba Tanko: Na ji, Malam. Ni dai na faɗi nawa.

Sani Kemis: In dai wannan ne ai na san maganinsa, Tegretol ne. Akwai shi. Ta fara da ƙwaya ɗaya safe ɗaya dare.

Dakta Bilkisu: Malam Sani, don girman Allah a'a. Sunan ka faɗa daidai, Tegretol, wato kabamazafin, shi ne na farko da ake bayarwa, tun 1962 aka gano yana aiki a wannan ciwon, kuma yawancin masu shi suna samun sauƙi cikin 'yan kwanaki. Amma ba maganin kan kanta ba ne. Da ɗan kaɗan ake farawa ana ƙarawa a hankali, don yana sa jiri da layi, tsohuwa ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu mun shiga wata sabuwa. Yana rage gishirin jini, yana iya taɓa hanta da ƙwayoyin jini, shi ya sa ake gwaji kafin a fara da bayan an fara. Yana rage ƙarfin wasu magungunan hawan jini da ƙwayoyin tazarar haihuwa, kuma yana da haɗari ga mai ciki. Mafi muni, wasu kaɗan yana fesa musu ƙuraje fata ta riƙa saluɓewa har baki da ido. Duk wanda ya fara shi ya ga ƙuraje ko gyambon baki da zazzaɓi, asibiti a ranar. Yaya Nura, Hajiya na shan na hawan jini?

Nura Gyallesu: Tana sha, kala biyu.

Dakta Bilkisu: To ku tafi da kwalayensu. Ku je asibitin koyarwa na Shika ku nemi a tura ku ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Mai yiwuwa su nemi hoton MRI, mai nuna cikin kai, don a wasu kaɗan ba jijiyar jini ba ce, ƙari ne ke danne jijiyar, ko wata cuta mai cin rigar jijiyoyi. An fi zargin haka in mai ciwon matashi ne, ko ciwon na gefe biyu, ko wurin ya mutu ba ya ji, ko ji ya ragu a kunne ɗaya.

Maman Ihsan: Tsaya Dakta. Tegretol ba shi ne maganin farfaɗiya ba? Shi ɗan maƙwabciyata ke sha.

Dakta Bilkisu: Shi ne, Anti.

Maman Ihsan: Taɓ. Nura, ka yi tunani. Kuna da 'yan mata biyu a gida ba su yi aure ba. Mutanen nan namu, mace ɗaya ta shigo dubiya ta ga kwalin a kan mudubi, gobe an ce gidan su wane akwai farfaɗiya. Ni ba na ce kar ta sha ba, amma ka san garin.

Nura Gyallesu: Anti kin taɓo inda nake tsoro. Kawunmu in ya ji kalmar nan ba zai bari ta haɗiya ba.

Hajiya Rabi Tudun Jukun: Maman Ihsan, ki yi haƙuri zan yi miki magana a matsayin uwa. Wannan tunanin shi ya ci mini wata biyar. An rubuta mini maganin, mai sayarwa ya dube ni ya ce, Hajiya ke ce mai faɗuwar? Na ajiye masa kayansa na fita. Wata biyar ina shan kunu da tsinken roba, na zube har zobena na faɗuwa daga yatsa, don kar a ce. Su masu cewar ko ɗaya ba ta zo ta riƙe mini kai ba lokacin da yake fizgata. Ranar da na haƙura na fara sha, kwana na uku na ci tuwon dawa da miyar kuka, na zauna ina kallon kwanon kamar ban taɓa ganin tuwo ba. 'Ya'yana mata uku duk suna ɗakunansu yau.

Kuma ita farfaɗiyar da muke gudu kamar annoba, ciwo ne irin kowane, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. Ɗan maƙwabciyarki da ke shan maganinsa ya fi mu hankali.

Maman Ihsan: Na karɓa Mama. Allah ya huci zuciyarki.

Dakta Bilkisu: Dalilin da ya sa magani ɗaya ke yin aiki biyu: a farfaɗiya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke harba wuta ba tsari, a nan jijiya ɗaya ce ke yin haka. Maganin yana rage saurin harbawar ne. Shan shi ba ya nufin tana da farfaɗiya, kuma ba ya jawo ta. Abin kiyayewa dai kar a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi, likita ke rage shi a hankali.

Auwalu Bakano: Yau na yi shiru na ƙaru. Dakta, in maganin ya ƙi fa?

Dakta Bilkisu: Akwai ɗan uwansa okskabazafin, akwai wasu da ake ƙarawa. In duk sun gaza, ko illarsu ta yi yawa, sai aiki. Ana buɗe ɗan wuri bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin daga kan jijiyar a sa ɗan matashi na Teflon, wani nau'in roba, tsakaninsu. Wani likita a Amurka, Peter Jannetta, shi ya yaɗa wannan aikin tun wajen 1967, kuma aikin nan shi ya fi daɗewa yana riƙewa. Ga wanda jikinsa ba zai ɗauki babban aiki ba, ana shiga da allura ta kunci a kashe wani sashe na jijiyar, sai dai fuska kan yi ɗan mutuwa bayan nan. Ciwon tsoho ne a littattafai, wani likitan Landan, John Fothergill, ya siffanta shi tun 1773. Amma Hajiya ba ta kai nan ba, kar mu tsorata Yaya Nura.

Aminu Saye: Ƙarin bayani kaɗan daga wanda ya yi aiki da masu cutar kuturta. Mu kishiyar wannan muke gani. Cutar na iya cin reshen sama na jijiyar nan, ido ya daina ji. Ƙura ko tsakuwa ta shiga mutum bai sani ba, ba ya ƙiftawa, har gyambo ya fito a baƙin idon. Da yawan makantar da ake gani a wajensu ta nan take farawa. Wani zafin rahama ne.

Dakta Bilkisu: Gaskiya ne Malam Aminu. Tun da an zo reshen sama, in ƙara ɗaya: ƙwayar cutar ƙarambau ba ta barin jiki, tana laɓewa a tushen jijiyoyi. In girma ya zo ko garkuwar jiki ta yi rauni sai ta farka, ƙuraje masu ruwa su fito a goshi gefe ɗaya, su tsaya cak a tsakiyar fuska kamar an ja layi. Wannan a zo cikin kwana uku, musamman in sun sauko kan hanci, don ido na cikin haɗari. Kar a shafa toka ko man birki.

Baba Tanko: Man birki kuma? Wannan ko ni ban yarda da shi ba.

Nura Gyallesu: Salam 'yan uwa, yau kwana goma sha tara da maganarmu, na ga ya kamata in dawo. Mun je Shika. Likitan da ya gan ta auduga ya murza ya nufi gefen hancinta, kafin ya taɓa ta riƙe masa hannu. Ya ce haka masu shi ke yi. An ɗebi jini, an canza mata ɗaya daga cikin na hawan jinin, an fara mata maganin. Kwana biyun farko jiri ya dame ta, sai da aka riƙa raka ta banɗaki. Yanzu daga sau goma sha huɗu ya koma ɗaya ko biyu, wata ranar babu. Jiya ta yi alwala da ruwan ɗumi har da kurkurar baki. Hoton MRI ne ba mu yi ba tukuna, muna haɗa kuɗin. Kawu bai sani ba har yanzu, ƙanwata ta juye ƙwayoyin a robar wani magani ta ƙona kwalin.

Dakta Bilkisu: Alhamdulillahi. Amma robar nan ban so ta ba. In wani abu ya taso da dare aka kai ta wani asibiti, dole a san abin da take sha. Ku rubuta sunan da adadin a takarda ku sa a jakarta. Kuma ku ci gaba da duba fatarta da cikin bakinta har wata biyu zuwa uku.

Hajiya Rabi Tudun Jukun: Kawun ku bar ni da shi, ajinmu ɗaya da matarsa. Ranar Juma'a zan shigo Gyallesu in gaida Hajiya.

Nura Gyallesu: Allah ya kawo ki Mama. Dakta Yusuf, ta ce in tambaye ka, giɓin nan na haƙori uku za a iya cike mata da na roba? Wai bikin jikarta na tafe bayan azumi.

Dakta Yusuf (haƙori): Za a iya, amma ba yanzu ba. Ɗaukar awon dasashi kaɗai na iya tayar da shi. A bari ciwon ya kwanta sosai, likitan jijiya ya ba da izini, sannan ku kawo ta in duba. Na Makkan dai yana nan ko?

Nura Gyallesu: Yana nan daram. Da safe ma ta aiki yaro ya sayo mata goro, fari, ta ce daushe ba ta so.